Hauni da Mai Girbi: Rige-rigen da ke Faruwa a Cikin Linux Idan RAM Ya Ƙare

Duk wayar Android da ke hannun jama'a, tun daga Tecno da itel da ake rububinsu a kasuwar Farm Centre ta Kano har zuwa Samsung mafi tsada, ginshiƙinta ɗaya ne, wato Linux. Shi ne kuma yake tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, yau kuwa dubban mutane ne suke sa masa hannu. Masu sana'ar suna kiransa kanel, shi ne shugaban da ke zaune tsakanin ƙarfen na'ura da manhajojin da muke taɓawa. Shi yake cewa wannan manhaja ta yi aiki yanzu, waccan ta jira, shi kuma yake raba musu RAM, wurin nan da na'ura ke baje duk abin da take aiki a kai a daidai wannan lokaci.

A cikin tarin rubutun Linux akwai wani fayil mai suna oom_kill.c, wanda bai kai layi dubu biyu ba. Aikina kula da sabobi ne, wato irin manyan kwamfutocin nan, kuma babu fayil ɗin da na fi komawa in karanta kamarsa. Aikinsa guda ɗaya ne: idan RAM ya ƙare ƙaf, ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe ta domin sauran su rayu. Masu aikin suna ce masa OOM killer, ni kuwa a nan zan kira shi hauni.

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya RAM zai ƙare alhali kanel ne da kansa yake rabo? Ai sai ya ce babu tun da wuri. Dalilin shi ne manhajoji sun saba neman fiye da abin da za su taɓa amfani da shi. Da Linux zai ware wa kowace abin da ta nema nan take, da rabin RAM ya zauna a banza. Don haka sai ya yi irin ta mai gidan haya da ya san mutanensa matafiya ne: ɗaki goma gare shi, amma ya amsa wa mutum goma sha biyar, don ya san ba sa kwana a gari gaba ɗaya. Ba ya miƙa wa manhaja ainihin wuri sai ran da ta zo ta ajiye kaya, kuma shafi-shafi yake bayarwa, kowane shafi kilobait 4 a yawancin na'urori. Dabarar tana ci kusan kullum. Ran da kowa ya dawo gida kuwa, sai kanel ya fara zubar da abubuwan da zai iya sake karantowa daga faifai, ya tura wasu zuwa wurin ajiya na gefe, a waya ma ya matse su ya dunƙule a cikin RAM ɗin. Idan duk an yi wannan bai wadatar ba, sai a kira hauni.

Rik van Riel, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya rubuta hauni na farko a ƙarshen shekarun 1990, da ƙa'idoji masu yawa na auna wa ya cancanci mutuwa, har da duba tsawon lokacin da manhaja ta yi tana aiki. A 2010 David Rientjes na kamfanin Google ya sake rubuta lissafin ya sauƙaƙa shi: wadda ta fi cin RAM ita ce a gaba. Ya kuma ba mai kula da na'ura damar sa baki da wata lamba daga -1000 zuwa 1000. Wadda aka ba -1000 hauni ba ya taɓa ta, haka ma manhaja ta farko da ke tayar da sauran idan an kunna na'ura.

Mutane sun fi yin gardama a kan zaɓen, wa za a kashe, wa za a bari. Amma abin da ya cinye wa masana shekaru yana can bayan an yanke hukunci, a ɗan tsakanin da ke akwai daga aika saƙon kisa zuwa dawowar RAM hannun kanel.

Kafin in shiga can, sai na bayyana rige-rige, domin shi ne tushen maganar. Ƙwaƙwalwar na'urar zamani ba ɗaya ba ce. Ko ƙaramar waya tana da huɗu ko takwas, saba kuwa tana iya samun fiye da ɗari, kuma duk a lokaci guda suke aiki. Ɗaya ta duba wani abu ta ga yana nan, kafin ta miƙa hannu wata ta riga ta ɗauke shi, ita kuwa ta farkon ba ta sani ba, ta ci gaba da aiki da labarin da ya riga ya tsufa. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, ɗaya ce cikin miliyan na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Shi ya sa za a gudanar da rubutu iri ɗaya sau miliyoyi lafiya lau, rana ɗaya jerin ya juye, komai ya rushe. Maganin da aka sani shi ne kwaɗo: duk wanda zai taɓa abin da aka yi tarayya a kai sai ya kulle, ya gama, ya buɗe, saura su jira. Sai dai kwaɗon ma yana da nasa sharrin.

Ga yadda yake faruwa. Hauni ba ya kashe manhaja da hannunsa. Saƙo yake aika mata, sigina mai lamba 9, wadda babu manhajar da ke da ikon ƙin karɓa. To amma sai manhajar ta farka ta ga saƙon, sannan ta bi matakan mutuwa da ƙafarta: ta rufe fayilolinta, ta saki kwaɗunan da ta riƙe, ta mayar da shafukanta. Idan saƙon ya same ta tana barci a cikin kanel, tana jiran wani kwaɗo irin wanda ba a katse mai jiransa, ba za ta gan shi ba. Yanzu a ce kwaɗon yana hannun wata manhaja ta biyu, wadda ita kuma ba za ta sake shi ba sai ta sami shafi ɗaya na RAM ta ƙarasa aikinta. RAM ɗin kuwa ba zai samu ba sai ta farkon ta mutu. A da, hauni yana da doka cewa muddin akwai wadda aka yanke wa hukunci ba ta gama mutuwa ba, ba zai zaɓi wata ba, don kada ya yi ta kisa babu dalili. Sai a yi cirko-cirko. Kowa yana jiran kowa, na'ura ta sandare.

Na ga wannan da idona a wata ma'aikata da na yi wa aiki. Saba tana kunne, fankokinta suna juyawa, fitilunta suna ci, amma ba ta amsa kowa. Babu abin yi sai a je a danne maɓalli a kashe ta da ƙarfi, ma'aikata suna tsaye suna jiran a dawo musu da aikinsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan ta tashi, kundin da take rubuta abin da ya faru wayam yake a daidai wurin da ake buƙata, domin ita manhajar da ke rubuta kundin tana cikin waɗanda suka maƙale. Ciwon da ba ya barin shaida yana da wuyar kai wa likita.

A nan ne sunan Tetsuo Handa yake shigowa, injiniya ɗan Japan da aka fi sani da aikin tsaro na TOMOYO. Shekara da shekaru ya yi yana rubuta ƙananan manhajoji waɗanda ba su da wani aiki sai su kai Linux bango da gangan, su sandarar da shi, ya kuma nuna cewa mai amfani da na'ura na yau da kullum, wanda ba shi da ikon shugaba, zai iya yin haka. A ƙarshen 2014 rahotanninsa suka tono wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba: idan wani sashe na kanel ya nemi RAM kaɗan, shafi takwas ko ƙasa da haka, kusan ba a taɓa ce masa babu, sai dai ya yi ta zagaye yana sake nema har abada. Masu kula da tsarin fayil na XFS da sauransu sun yi shekaru suna rubuta matakan da za a bi idan an ce babu, ashe ba a taɓa bin matakan ba. Kuma ba a isa a soke al'adar dare ɗaya ba, domin dubban wurare sun dogara da ita ba tare da sun sani ba.

Wasu sun ga kamar Handa yana matsa wa na'ura ne ta hanyar da ba ta faruwa a zahiri. Ni ina ganin shi ne ya yi aikin da ya fi kowanne wahala. Rige-rigen da ke zuwa sau ɗaya a wata shida ba ya gyaruwa sai an sami mai iya kiransa ya zo cikin minti biyar, a gaban kowa, duk lokacin da aka so.

A kan magani aka rabu. Handa ya fi karkata ga a sa agogo: idan wadda aka yanke wa hukunci ta wuce wani lokaci ba ta mutu ba, a zaɓi wata. Michal Hocko na kamfanin SUSE, ɗaya daga cikin masu kula da wannan sashe, bai yarda ba. Hujjarsa ita ce babu adadin daƙiƙoƙin da zai dace da kowace na'ura. Idan ya yi gajere a kashe marar laifi, idan ya yi tsawo mutane su zauna jira, kuma ko ya yi daidai ba a taɓa ainihin ciwon ba. Abin da ya fito da shi ya samo asali ne daga shawarar Mel Gorman a taron masana na 2015, wadda Oleg Nesterov ma ya kawo irinta. Tunanin mai sauƙi ne. Tunda an riga an yanke wa manhaja hukunci, ba za ta sake komawa bakin aikinta ba, to me ya sa za a jira ta kwashe kayanta da kanta? A sa wani ma'aikaci na kanel, wanda ba ya buƙatar RAM don yin aikinsa, ya shiga ya ƙwace shafukanta tun tana maƙale. Wannan shi ne OOM reaper, mai girbi, wanda ya shiga Linux 4.6 a watan Mayun 2016.

An gina shi da taka-tsantsan. Shafukan da manhajar ta mallaka ita kaɗai yake ɗauka, ba ya taɓa na tarayya. Akwai wani babban kwaɗo da ke tsare taswirar RAM ta kowace manhaja, kuma mai girbi ba ya tsayawa jiransa, don kada shi ma ya shiga sahun masu cirko-cirko. Gwadawa yake yi, in ya tarar a kulle ya koma ya dawo bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, har sau goma. Ko ya samu ko bai samu ba, daga ƙarshe sai a kafa wa manhajar alamar cewa an gama da ita, hauni yana da izinin duba wata. Da wannan aka karya doguwar jira. Ban san wani gyara a wannan sashe da ya kai shi amfani ba.

Sai dai yanzu hannu biyu ne a cikin kayan mutum ɗaya, ga mai mutuwa yana kwasa, ga mai girbi yana kwasa. Sababbin rige-rige suka buɗe, kuma labarinsu ne ya fi koya mini yadda wannan aiki yake.

Na farko shi ne ya fi ba ni tsoro, domin ba ya ihu. Manhaja ɗaya tana iya samun rassa da yawa masu aiki tare. An ɗauka cewa da zarar an yanke hukunci duk rassan sun daina komai, ashe akwai ɗan tsakanin da wani reshe bai riga ya ga saƙon ba, yana tsakiyar rubuta bayani a fayil. Mai girbi ya ɗauke shafin da yake kwafowa daga ciki. Reshen ya miƙa hannu, kanel kuwa bisa al'adarsa idan aka taɓa shafin da babu sai ya miƙa sabo fil, cike da sifili. Sai sifilin ya shige cikin fayil a matsayin bayanin gaskiya. Ka yi tunanin fayil ɗin na albashi ne ko na sakamakon jarrabawa. A 2017 aka gano wannan, Handa ya nuna yana faruwa, Hocko ya toshe shi da wata alama da ake kafawa kafin a fara girbi: duk wanda ya taɓa shafin da aka girbe, kuskure za a mayar masa, ba sifili ba. Gara aiki ya tsaya kowa ya gani, da ya gurɓace a ɓoye.

Na biyu ya shafi lokacin da manhajar ta fara rushe taswirarta da kanta. Da farko an hana mai girbi shiga idan an kai wannan mataki. Amma wani lokaci manhajar takan maƙale daf da matakin, ko rushewar ta ɗauki lokaci idan RAM ɗinta mai yawa ne, sai a ɗauka babu abin da zai fito, a kashe ta biyu alhali ta farkon tana gab da sakin komai. Andrea Arcangeli na Red Hat ya gyara wannan a Linux 4.14, ƙarshen 2017, ya bar su su yi aiki tare. Dabarar da ya yi tana burge ni. Kafin mai mutuwa ya rushe ginshiƙan taswirar, sai ya kafa alamar an gama, sannan ya kulle babban kwaɗon ya buɗe nan take, bai yi komai a tsakani ba. Wanda bai sani ba zai ce layi biyu ne na banza. Alhali kullewar ba za ta yiwu ba sai mai girbi ya fita in yana ciki, in kuwa daga baya ya zo zai tarar da alama ya juya.

Duk da haka an bar ƙofa ɗaya. Akwai shafukan da manhaja ke roƙon a kafe mata su a RAM kada a taɓa gusar da su, kuma a lokacin mai girbi yana tsallake duk yankin da ke da tambarin kafewa. To mai mutuwa yakan fara cire tambarin ne kafin ya gama warware shafukan ɗaya bayan ɗaya. Mai girbi ya iso a wannan tsakani, ya ga babu tambari, ya fara kwasa, su yi karo, kanel ya faɗi. Wannan ya shafi Linux 4.14 zuwa 4.16, har aka ba shi lamba a kundin ɓarakar tsaro na duniya, CVE-2018-1000200, Rientjes ya yi masa faci a 2018.

Na uku ya ɗauki shekaru kafin a kama shi. Manhajoji daban-daban sukan yi tarayya a kwaɗo ɗaya, kuma akwai tsarin da ke tabbatar da cewa idan mai riƙe da shi ya mutu, kanel zai duba jerin kwaɗunan da ke hannunsa ya tashi masu jira. Jerin kuwa a cikin RAM ɗin mamacin yake. Idan mai girbi ya riga kanel isa wurin, jerin ya tafi, masu jira su yi ta jira har abada. Facin da Nico Pache na Red Hat ya kawo a 2022 shi ne a jinkirta mai girbi da daƙiƙa 2, a ba manhajar dama ta mutu da kanta, sai in ta kasa ya shiga. Wato agogon da aka ƙi a farko ya dawo ta wata ƙofa. Ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwar Hocko ba. Agogon yanzu ba shi ne yake yanke wa za a kashe ba, jinkirin taimako kawai yake yi, kuma ko lissafinsa ya kuskure babu marar laifin da zai mutu saboda shi. Amma ya nuna Handa ma yana da gaskiyarsa: akwai inda ba a iya sanin halin da mai mutuwa yake ciki, sai dai a ba shi lokaci.

Ina wayarka ta shigo? Android ba ya son a kai ga hauni, domin kafin a kai can wayar ta daɗe da sandarewa a hannunka. Yana da nasa ma'aikaci mai suna lmkd, wanda ke rufe manhajojin da ka bari a baya tun RAM bai ƙare ba. Da lambar nan ta Rientjes yake aiki: wadda kake kallo tana da 0, waɗanda aka jingine suna da 900 zuwa sama, su ake fara sallama. Shi ya sa za ka bar Facebook ka shiga WhatsApp, ka dawo ka tarar ya fara daga farko. Tun daga Android 10 yana dogara da wani ma'auni da Johannes Weiner na Facebook ya shigar a Linux 4.20 a 2018, wanda ke auna yawan lokacin da manhajoji ke ɓatawa suna jiran RAM. Shi ma lmkd ya ci karo da tsohuwar matsalar, ya aika saƙon kisa amma RAM bai dawo da wuri ba. Don haka a 2021 Suren Baghdasaryan na Google ya ƙara wata hanya a Linux 5.15 da ke ba shi damar yin girbin da kansa. Ba a jima ba aka gano ita ma tana rige-rige da mai mutuwa a wurin rushe taswira, aka sake ƙarfafa kwaɗon.

Wanda ke da waya mai RAM gigabait 12 zai yi wata bai bi ta wannan hanya ba. Mai gigabait 2 kuwa, kullum wayarsa tana gefenta. Haka ƙaramar makaranta ko asibitin da ya yi hayar saba mafi araha. Aikin da waɗannan mutane suka yi a kan layuka ƙalilan, talaka ya fi kowa cin moriyarsa, muddin gyaran ya iso gare shi. Sau da yawa ba ya isowa, domin wayoyi masu araha sukan tsaya a kan tsohon kanel, kamfani ya daina aiko da sabuntawa bayan ɗan lokaci.

Saboda haka idan wayarka ta ce akwai sabuntawa, ka daure ka sayi data ka yi, kuma in za ka sayi sabuwa ka tambayi shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko da gyara. Abokan aikina masu kula da sabobi, ku duba wane kanel kuke kai, ku sa wa rumbun bayananku lambar da za ta kare shi, kada ku bari sai hauni ya zaɓa muku. Ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta a Bayero da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni kuwa, fayil ɗin nan a buɗe yake, kyauta, tare da tarihin kowane layi da dalilin da ya sa aka canza shi. Ku sauke shi, ku kafa Linux a tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin RAM, ku cika ta da gangan ku ga abin da zai faru, in kun ga abin da bai dace ba ku rubuta rahoto ku aika wa masu kula da shi.